Amsa ga mai tambayar yadda zai dawo da naman farauta a jirgi daga Colorado

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in maimaita tambayar taka a gurguje saboda waɗanda ba su gani ba. Ka ce kana zaune a Atlanta, abokan aikinka sun ja ka farautar elk, wata ƙatuwar barewa, a jihar Colorado ta Amurka cikin watan Oktoba, can wajajen garin Craig, a jirgi za ka je a jirgi za ka dawo, kana son sanin yadda za ka yi da naman in Allah ya ba ka sa'a, sannan kana tunanin ɗiban wani abu a ciki ka kai wa Hajiya a Kano in ka tashi zuwa gida a Disamba. Toh, na farkon mai yiwuwa ne, mutane na yi duk shekara ba wani abin mamaki ba ne, ma'aikatan filin jirgin Denver, babban birnin jihar, sun saba ganin kuloli a layin awon kaya a wannan lokacin. Na biyun kuwa hana ka zan yi, zan gaya maka dalili in mun je wajen.

Abu na farko da nake so ka cire a ranka shi ne tsoron jirgin kansa. Denver zuwa Atlanta awa uku ne da 'yan kai, cikin jirgi inda ake zuba kaya kuma ba zafi gare shi ba in an tashi sama. Naman da ya daskare tsaf har cikin tsakiyarsa, aka cika kula da shi maƙil babu sarari, shi da kansa ƙanƙarar kansa ne, zai yi wuni guda har ya kwana ba abin da zai same shi. Duk naman da ka ji an ce ya lalace a hanya, in ka bincika za ka tarar tun kafin a kai filin jirgi aka yi saken, ko dai ba a fitar masa da zafin jiki da wuri ba a daji, ko kuma an saka shi a firiza daren da za a tashi aka ɗauko shi da safe bayansa ya yi tauri cikinsa yana nan danye. Saboda haka in za ka yanki tikiti, ka bar kwana biyu cur tsakanin ranar ƙarshe ta farauta da ranar tashi, ko kuma ka sayi tikitin da ake iya canja masa rana. Wannan kwana biyun ya fi duk wata kula mai tsada da za a tallata maka.

Ka fara sanin girman abin da kake magana a kai. Elk ba barewar da ka sani ba ce. Ƙosasshen namiji yakan kai fam 700, wato wajen kilo 320, in an feɗe an cire ƙashi tas za ka tashi da tsoka wajen fam 200, macen kuma ƙasa da haka, ka ce fam 150 ko kusa. Kamfanonin jirgi kuwa jaka ɗaya fam 50 suke yarda da ita, kilo 23 kenan, kuma nauyin kular kanta yana ciki. Kaga kenan namiji ɗaya kula biyar ne. Ka riƙe wannan lissafin, za mu dawo kansa.

A daji dai aikin yake. Ka yi bisimillarka lokacin sakin harsashi, in ka iske ta da sauran rai ka yanka, sannan kada ka tsaya dogon ɗaukar hoto. Fatar elk kauri gare ta, gashin kuma an halitta shi ne don ya riƙe ɗumi a cikin dusar ƙanƙara, saboda haka ko ana zuba sanyi, dabbar da aka bari kwance da fatarta ta kwana, gefen da ke ƙasa da wuya da gindin cinya wajen ƙashin ƙugu sai ka ji sun yi tsami da safe, daga jikin ƙashi ɓacin yake farowa ya fito waje, kuma in ya fara ba firizar da za ta gyara shi. Ka feɗe nan take, ka ɓalle cinyoyi biyu da karfata biyu, ka zare tantaƙwashin baya da na ciki, ka kwashe naman wuya da na haƙarƙari, ka zuba a buhunan yadi da ake sayarwa don wannan aikin, ka rataye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Banda leda. Kai ma ka san abin da ke faruwa da naman layya in aka tara shi da ɗuminsa a roba aka rufe aka kwana, shi ya sa iyayenmu suke rataye shi a igiya, to haka abin yake a nan ma. Ma'aunin da za ka riƙe shi ne digiri 4 na Salshiyos, su a can 40 suke cewa a nasu ma'aunin, sama da haka ƙwayoyin cuta suna samun sakewa. Ka sayi ɗan ƙaramin ma'aunin zafi mai tsinke da ake soka wa nama, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ka riƙa soka shi can cikin cinya.

Dokar Colorado ta wajabta a fito da cinyoyi da karfata da tantaƙwashi don a ci, ba a yarda mutum ya sare ƙaho ya bar nama ba. Akwai kuma takardar da ke jikin lasisinka wadda za ka sa wa hannu ka ɗaura a jikin naman, da shaidar cewa namiji ne ko mace da ake bari a manne da cinya ɗaya har sai an kai wajen sarrafawa. Kada garin tsafta ka yanke ta ka yar, ma'aikatan Colorado Parks and Wildlife, hukumar kula da namun daji ta jihar, suna tsayar da motoci su duba. In ka ga wannan ya yi tsauri to ka ji na Alaska, can ba ka isa ka ɗauke ƙaho daga inda dabba ta faɗi ba sai ka gama kwashe naman kaf, wanda kuma ya bar nama ya lalace da gangan har kurkuku ana kai shi. Sannan akwai dokar tarayya da ake kira Lacey Act tun 1900, wadda ta ce duk naman dajin da aka samu ta hanyar karya dokar wata jiha, in ka tsallaka da shi wata jihar ya zama laifin tarayya. Hawa jirgi daga Denver zuwa Atlanta kuwa ai tsallaka jiha ne. Lasisinka da takardar naman su kasance a aljihunka har ka shiga gida.

Af, tunda ban san irin takardar zamanka ba: in biza ce ta karatu ko ta aiki ba girin kad ba, dokar Amurka ta hana ka riƙe bindiga, amma ta yi togaciya ga mai lasisin farauta da bai ƙare ba. Wato lasisi kafin bindiga, ba bindiga kafin lasisi ba.

Yanzu maganar ƙashi, nan ne nake so ka nutsu. Akwai cutar da ke kama barewa da elk a Amurka ana ce mata CWD, tana cinye ƙwaƙwalwar dabba a hankali, ta rame, ta riƙa dalalar da yawu, ta daina gudun mutane har ta mutu. A Colorado ɗin nan da za ka aka fara ganinta a 1967 a wata cibiyar bincike a Fort Collins, yanzu ta bazu jihohi sama da 30, ta shiga Kanada, har a Norway an same ta a 2016. Abin da ke kawo ta ba ƙwayar cuta irin wadda ka sani ba ce, wani gurɓataccen furotin ne dangin na cutar haukan shanu, dahuwa ba ta kashe shi, daskarewa ba ta kashe shi, shanya ma haka, kuma ya fi taruwa a ƙwaƙwalwa da laka da idanu da saifa da kaluluwa. Saboda haka jihohi da yawa, har da Jojiya inda kake, sun hana a shigo musu da gawar barewa ko elk sukutum, ko kai, ko ƙashin gadon baya. Abin da aka yarda da shi tsoka ce da aka cire wa ƙashi, sai fata, sai ƙaho da ɓallin ƙoƙon kai da aka kankare tas babu ɓurɓushin ƙwaƙwalwa. Mu da muke son ganda da farfesun kai da tsotsar ɓargo, a nan sai haƙuri. Har yau ba a tabbatar da cewa wani mutum ya kamu da ita ba, amma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce a gwada dabbar in daga yankin da cutar take aka harbo ta, in gwaji ya nuna tana da ita kada a ci. Ni ma abin da zan ce maka kenan. Ka kai kan wajen ma'aikatan Colorado su ɗebi samfur, wasu yankunan ma dole ne a wasu shekarun, ka duba littafin dokar farauta na bana. Sakamakon yakan ɗauki makonni, wato sai ka koma gida zai fito, don haka ka ajiye naman a firiza kada ka fara rabon maƙwabta tukuna, kuma in ku biyu ko uku kuka yi sa'a kowa ya rubuta alama a ledojinsa, kada a cakuɗa naman dabbobi biyu, in ɗaya ta fito da cutar kun yi asarar duka.

Cire ƙashin ma riba ce gare ka ko ba doka, me zai sa ka biya kuɗin awon ƙashi.

Daga daji hanya biyu ce. Ko ka kai wa mahautan da ke sarrafa naman farauta, garuruwa irin Craig da Meeker suna da su, su yanka su ɗaure su daskarar maka, ko kuma ku yi da kanku. In mahauci za ka kai wa, ka kira shi tun kafin ka bar Atlanta, domin a makon buɗe farauta layi ne, wani sai ya ce maka sai bayan sati, in kana son na gaggawa sai ka ƙara kuɗi. Ga kuma abin da abokan naka ba za su tuna su gaya maka ba don su bai dame su ba: naman elk ba shi da kitse, shi ya sa in za a niƙa shi ko a yi tsiran Turawa da shi al'adarsu ce su zuba kitse, kuma sau da yawa na alade ne. Ko ka ce a sa na saniya, ba ka san wa ya yanka saniyar ba. Wasu wuraren kuma haɗa naman mutane da yawa suke yi su niƙa lokaci guda su auna wa kowa nasa, kaga kenan abin da ka karɓa ba lallai dabbar da ka yi wa bisimilla ba ce. Ka faɗa masa ƙarara: ba niƙa, ba ƙarin kitse, gunduwa-gunduwa kawai, naka shi kaɗai. In ka dawo gida ka niƙa abinka ko ka yi dambu yadda kake so.

In da kanku za ku yi, ku kama masauki mai kicin, ku tambaya ko akwai babbar firiza irin ta kwance, wasu otal-otal na yankin mafarauta suna da ita. Ku yanka ƙanana, fam ɗaya zuwa biyu, a zuba a ledar nan da inji ke zuƙe wa iska, a danna ta ta yi faɗi-faɗi ba dunƙule ba, don mai faɗi ta fi saurin daskarewa kuma ta fi jeruwa a kula. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne su ɗauki fam 200 na nama su jibge a firiza ɗaya su tafi barci. Firizar gida ba ta da wannan ƙarfin, abin da masana ke cewa fam biyu zuwa uku ne kacal a kowace ƙafa ɗaya ta girman cikinta, wato tsawo da faɗi da zurfi, take iya daskararwa a awa 24. Na gefe zai yi tauri, na tsakiya sai ya yi kwanaki yana nan laɓa-laɓa. Ku baza su, ku riƙa juyawa kuna maido na tsakiya gefe, in da hali ku raba firiza biyu. Gwajin mai sauƙi ne, ka ɗauko mafi kauri ka danna da babban yatsa da ƙarfi, in ya lotsa ko kaɗan bai yi ba.

Kula kuma kada ka saya tun daga gida. Gaskiya ɗaya ce, yawancin masu zuwa farautar elk hannu rabbana suke dawowa, ballantana sabon shiga, sai dabba ta faɗi sannan ka shiga Walmart ka saya. Kuma ka sayi mai arha ta roba, mai cin kwat 48, wato wajen lita 45, ko kusa da haka, nauyinta bai wuce fam bakwai zuwa takwas ba. Manyan nan masu tsada irin Yeti suna riƙe sanyi ba ƙarya, amma wata ita kaɗai ba komai a ciki ta kusa fam 30, ka biya kuɗin jaka ka ɗauko roba kenan. Akwai kuma kwalin kifi mai soso a ciki irin wanda masu zuwa Alaska ke amfani da shi, ya fi kowanne rashin nauyi, in ka samu ka ɗauka. Farin soson nan tsirara ba kwali a bayansa kuwa kamfanoni da yawa ba sa karɓa, fashewa yake a kan bel.

Wajen shiryawa, ka shimfiɗa babbar leda mai kauri a ciki, biyu ma, ka jera naman a matse, ka ɗaure bakin ledar. Jini ko ruwa ya ɗigo daga kula a gaban ma'aikaciyar awo, an gama, ba za ta karɓa ba. Duk sararin da ya rage ka cusa tawul ko rigar sanyi ko jarida, domin iskar da ke yawo a cikin kula ita ce ke narkar da nama. Banda ƙanƙarar ruwa ko ƙulli ɗaya, narkewa take kuma ba a yarda da ita. Ka tafi da ɗan sikelin rataye na jaka, ka tsayar da kowace kula a fam 49, kada ka ce sai 50 cif, sikelinka da nasu ba lallai su yi daidai ba, fam ɗaya kuma zai iya ja maka dala 100. Murfin ka ɗaure shi da igiyar jaka mai maƙulli ka ƙara salatif, amma ka sani jami'an TSA, masu binciken tsaro a filin jirgi, suna da ikon buɗewa su duba, shi ya sa igiya ta fi, suna iya mayar da ita yadda take. Ka rubuta sunanka da lambar wayarka da alƙalami mai kauri a jikin kular, a ciki ma ka jefa takarda da kwafin lasisi.

Busasshiyar ƙanƙara, wadda suke ce wa dirai ayis, kowa ita yake fara tambaya, ni kuwa a tafiyar awa uku ba tsayawa ban ga dolenta ba in naman ya daskare da kyau. Amma in za ka canja jirgi ko kana da doguwar tafiyar mota, tana da amfani, daga Craig zuwa filin jirgin Denver ma ai wajen awa huɗu ne. Iskar kabon ce aka daskarar, sanyinta digiri 78 ƙasa da sifili, ba ta zama ruwa, hayaƙi take zama ta ɓace. Dokar FAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka, ita ce fam 5.5, kilo 2.5, ga kowane fasinja, ka lura, ga fasinja aka ce ba ga kowace kula ba, kuma sai kamfanin jirgin ya amince, sai ka rubuta Dry Ice a jikin kular da nauyinta, sannan dole a bar mata hanyar fitar iska. Wato in ka sa ta, kada ka liƙe kular ruf da salatif, ka sassauta 'yar ƙofar zubar da ruwa ta ƙasa, in ba haka ba iska ta taru ta ɓalle murfin. A sama za ka ɗora ta a naɗe da jarida don sanyi ƙasa yake sauka. Kada ka taɓa ta da hannu tsirara, ƙuna take kamar wuta, kuma in tana cikin motar haya ka ɗan sauke gilashi, mutane sun sha jin jiri da ciwon kai a mota ba su san daga ina ba. Manyan kantunan abinci a Colorado suna sayar da ita, ka saya da safen tafiya don a kwana ɗaya sai ta kusa ƙarewa.

Mu koma lissafin kuɗi. Jaka ta farko da ta biyu suna da sauƙi, daga ta uku ne farashi ke tsalle, a manyan kamfanoni ana maganar dala 150 zuwa 200 kowace ɗaya, wadda ta wuce fam 50 zuwa 70 a ƙara maka wajen 100, daga nan zuwa fam 100 a ƙara wajen 200, sama da fam 100 kuwa ba sa karɓa sam. Suna canja farashin nan kullum, ka duba ranar da za ka yanki tikiti. Kuma ga ka da akwatin bindiga wanda shi ma jaka ɗaya ne, dole bindigar ta zama babu harsashi a ciki, a akwati mai tauri da kwaɗo, ka faɗa musu a wajen awo. Wuƙaƙen fiɗa ma a kayan awo, ba a jakar hannu ba. Dabarun da ke rage asara: kayan sawarka da takalma da tanti ka zuba a kwali ka aika gida ta gidan waya ko kamfanin kai saƙo na UPS ta mota, su ba sa ruɓewa, su iso bayan sati ba komai, gurbinsu ka ba wa nama. Abokan tafiyarka da ba su samu komai ba kowa ya ɗaukar maka kula ɗaya da sunansa, ka ba shi kasonsa, amma in kyauta ka ba shi Colorado na son a rubuta 'yar takardar kyauta da lambar lasisinka, sayarwa kuwa haramun ce a dokarsu, ko fam ɗaya. Ka kuma duba kuɗin ƙarin zuwa kujerar gaba, a Delta da United mai wannan tikitin yana da jaka biyu kyauta kowace fam 70, wani lokacin in ka buga lissafi sai ka ga ƙarin bai kai kuɗin awon da za ka biya ba, ga shi ka miƙe ƙafa. Sannan jakar hannu: TSA ta yarda da nama a jakar hannu, sai ka sami jakar sanyi mai laushi ka zuba tantaƙwashin nan, wanda shi ne mafi daɗin naman gaba ɗaya, ya zauna a saman kanka, ko duk kulolin sun ɓata wannan yana hannunka. In ka sa ledar ƙanƙara a ciki ta kasance a daskare lokacin bincike, in ta fara zama ruwa za su cire ta. Kusan kullum sai sun ja jakar gefe sun buɗe don na'urarsu ba ta gani ta cikin daskararren nama sosai, ka je da wuri kawai.

Aikawa ta jirgin kaya ko ta masu kai saƙo kwana ɗaya akwai, amma fam 200 a wannan hanyar kuɗin sai ya sa ka riƙe baki. In ku huɗu ne kuka kashe biyu ko uku, wallahi gara mutum biyu su ɗauki motar haya su tuƙo, daga Denver mil 1,400 ne, wajen awa 21, kuloli a baya ana ƙara ƙanƙara a hanya.

Ka nemi jirgin da ba ya tsayawa ko'ina, na safe in da hali. Akwai ƙaramin filin jirgi a Hayden kusa da Craig, amma ƙananan jirage in nauyi ya yi yawa kaya suke bari a ƙasa su biyo baya, ni dai gara in tuƙa zuwa Denver. Kuma ka sani kamfanonin jirgi ba sa ɗaukar alhakin abin da ke ruɓewa, in kula ta makara nama ya lalace ba wanda zai biya ka. Ka jefa AirTag, 'yar na'urar bin sawun kaya, ko makamancinsa a kowace, in ba ta fito ba kada ka bar filin jirgi sai ka shigar da rahoto ka gaya musu nama ne a ciki. In kun isa gida ka buɗe ka taɓa, wanda har yanzu akwai ƙanƙara a jikinsa ko ma'auni ya nuna bai haura digiri 4 ba ka mayar firiza ba matsala, wanda ya saki sosai amma da sanyinsa a dafa shi a ranar a ajiye har sakamakon gwajin CWD ya fito, wanda ya yi ɗumi ko ledar ta kumbura a zubar, kada a ce bari a soya a gani. Firizar gidan ma ka tanade ta tun kafin ka tafi, fam 200 ba zai shiga saman firij ba.

Sai maganar Hajiya. Allah ya saka da alheri da ka tuna da ita, amma ka bar wannan shawarar. Atlanta zuwa Legas kai tsaye awa 11 zuwa 12 ne a sama kawai, ka ƙara awannin da za ka yi kafin tashi, da layin kwastam, da komawa ɓangaren jiragen cikin gida a zafin Legas, da jiran jirgin Kano wanda kai ma ka san ba kullum yake tashi a kan lokaci ba, in ta Addis Ababa ko Doha ko Alƙahira ka bi ma ya fi haka tsawo. Ko ka tsallake wannan, shigo da nama Najeriya ba abin da ake yi gaba gaɗi ba ne, akwai jami'an hukumar killace kayan gona da dabbobi, NAQS, a filin jirgi, nama sai da izininsu, naman shanu da daskararrun kaji ma suna cikin jerin abin da kwastam ta hana shigowa da shi. In ka ce bari in yi kilishi ko dambu da shi, ka magance ruɓewa ne kawai, dokar tana nan, maganar CWD ma tana nan tunda na gaya maka shanya da wuta ba sa kashe ta.

Dawowarka kuma ta fi wannan haɗari, don na san halinmu, Hajiya za ta cusa maka kilishi da dambu a jaka. Amurka ba ta yarda fasinja ya shigo da nama daga Najeriya ba, danye ko busasshe ko soyayye, saboda cututtukan dabbobi irin ciwon baki da kofato, wanda a 2001 ya sa Birtaniya ta hallaka dabbobi sama da miliyan shida. Naman daji kuwa, irin su gafiya da gyazbi da biri, wannan babban laifi ne, tararsa tana kaiwa dala 250,000. Suna da dalilinsu, a 2003 an shigo da wasu ƙananan dabbobi daga Gana zuwa Texas har da gafiya a ciki, suka shafa wa wasu dabbobin da ake kiwo a gida ƙyandar biri, mutum 47 suka kamu a jihohi shida, tun daga nan aka hana shigo da ɓerayen Afirka da rai ko a mace. Hatta attajiran da ke zuwa farauta Afirka ta Kudu da Namibiya ƙaho da fata kawai suke dawowa da su, naman can ake cinye shi. Filin jirgin Atlanta akwai ƙananan karnukan nan masu dogon kunne da ke zagaya jakunkuna, ƙamshin kilishi kuwa ko ka naɗe shi a leda goma sai sun zauna a gaban jakarka. In an saka maka ba ka iya cewa a'a ba, ka faɗa da bakinka cewa kana da nama, za su karɓe su zubar ka wuce ba tara. In ka ɓoye suka gano, tara takan fara daga dala 300, a ƙwace maka Global Entry, izinin wucewa da sauri wajen shiga ƙasa, in kana da shi, kuma ga wanda ke kan biza wannan ba irin abin da kake so a gani a fayil ɗinka ba ne. In ka sauka Kano ka saya mata rago a yanka, elk ɗin kuma ka ajiye mata tantaƙwashi a firiza, in an zuƙe masa iska da kyau yana shekara guda lafiya lau, in ta zo ganin jikoki sai a gasa mata.